Ka Zo Ka Ce Ƙirƙira Ka Yi

Gidan yari, Los Angeles
3 ga Maris, 1994

Zuwa ga Terrell,

Bayan gaisuwa, ya unguwarmu Compton, ya mahaifiyarka Mama Odessa da ciwon ƙafa? An ce 'yata Shanice ta fara tafiya, ni dai ban gani ba. Muryarka kuwa kullum ina jin ta a rediyon gandirebobi.

Jiya lauyan gwamnati ya karanta waƙarka a kotu, baiti-baiti, babu kiɗa, kamar mai karanta takardar asibiti. Da ya zo inda ka ce Dewayne ya sauke gilashin shuɗiyar mota ya aika mutum lahira a bakin shagon wanki, kowa ya juyo yana kallona. Ni da kai mun san ranar da aka yi harbin nan ina garejinku ina riƙe maka makirufo. Sunana ka saka don ya hau kiɗa daidai, ni kuma wawa har da murna.

Ranar sha bakwai za a koma. Ka zo ka ce musu ƙirƙira ka yi. Iyakar roƙona ke nan.

Naka,
Dewayne

Hollywood
10 ga Maris

Mutumina D,

Gaisuwa mai yawa. Mama ta sa an yi maka addu'a a coci.

Haba D, sai ka ce ba ka san sana'ar nan ba. Mutane suna sayen kasetina ne don sun yarda duk abin da na faɗa ya faru. Ranar da na ɗaga hannu a kotu na ce ƙarya ce, 'yan unguwa za su tuna ni ɗan mawaƙan coci ne da bai taɓa riƙe bindiga ba. Kuma ka sani, wanda ya buɗe baki a kotu ɗan rahoto ne, ko me ya faɗa.

Kwantar da hankalinka, ba su da hujja. Mun buga riguna da hotonka, "A Saki Dewayne", har Oakland ana sawa. Ka zama babban mutum fa.

Ɗan'uwanka har abada,
Terrell

Gidan yari
2 ga Afrilu

Terrell,

Ina gaisuwa. Ranar sha bakwai na yi ta waiwayen ƙofa har wuyana ya ƙage. Shekara ashirin da biyar suka ba ni, kuma ban yafe maka ba.

Na ji sabuwar waƙarka, wadda kake kukan an kulle maka aboki. Wannan karon dai gaskiya ka rera.

Ka kai wa Shanice rigar nan guda, ta san kamannina. Ka zaɓo babba, za ta daɗe tana sawa.

Ka gaida Mama.
Dewayne