Allon da Bunu ya kafa a bakin fadama

Haɗeja, watan Yuli, 1957

Zuwa ga Yayana Kolo, a Jos.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Allah ya kare ku daga sanyin garin nan da kake yawan kuka da shi, ya sa albarka a cinikinka, amin. Mu nan lafiya lau. Damina ta zauna, kogi ya fara hawa, shinkafar da muka zuba a fadama ta yi kyau. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, har tana fita unguwa da sanda. Sai dai ba don waɗannan na ɗauki alƙalami ba. Maganar ɗanka Bunu ce, kuma ina roƙonka ka karanta har ƙarshe kafin hankalinka ya tashi.

Ka san tun da ya gama makaranta a hannuna ya samu aiki wurin masu haƙa rijiyar burtsatse a ƙasar Kirikasamma. Saboda kyan rubutunsa, Baturen aikin ya sa shi rubuta alluna da fenti, a kafa a duk wurin da za a haƙa idan ruwa ya janye. Abin da aka ce ya rubuta shi ne BORE, sai lamba a gefe. A bakin Turawa kalmar gajera ce, kamar mutum ya ce "bo", kuma ma'anarta huda ƙasa da ƙarfe har a tarar da ruwa. Yaron ya rubuta tsaf, ya kafa a ƙauyukan bakin fadama. Bature kuwa ya tafi hutu ƙasarsu, ma'aikata aka rarraba su wasu wuraren, alluna suka zauna ba mai yi musu bayani.

To, bana mutanen wajen suna cikin ɓacin rai, don an fitar da su gyaran hanya ana tsakiyar noma. Ana cikin wannan gunaguni magatakardan wani dagaci ya wuce ta gaban ɗaya daga cikin allunan, ya karanta shi yadda ni da kai za mu karanta da Hausa: bore. Ya koma ya gaya wa maigidansa cewa 'yan siyasa sun kafa alamar tawaye gari-gari, har da lambar kowane gari. Da aka tambayi wanda ya rubuta, ba wanda bai san hannun Bunu ba. 'Yan doka suka zo da shi Haɗeja, yanzu yana tsare, ana jiran zaman alƙali bayan Sallah. In aka kama shi da laifin tunzura jama'a, gidan yari ne, kuma ba ma'aikatar da za ta sake ɗaukarsa.

Yaya, wannan abu ne da nake koya wa yara cikin raha. Nakan rubuta musu wake a allo su ce abinci, in ce a Turanci farkawa ce daga barci. In rubuta dare, in ce a can yana nufin ƙarfin halin tunkarar abu. Su yi ta dariya, ni kuma in nuna musu cewa haruffan aro muka yi, amma kalmomin ba su haɗa kaka ba, kowace a gidansu aka haife ta, riga ce kawai ta zo ɗaya. Da wannan bayani na ɗauki ƙamus na je wurin magatakardan alƙali, dattijo mai ilimi da haƙuri. Ya saurare ni sosai. Ya ce bai musa ba, don ko a Larabci haruffa ɗaya kan ɗauki karatu biyu in ba wasali. Amma ya ce allon a ƙasar Hausa aka kafa shi, gaban masu karatun Hausa, kuma wanda ya rubuta shi ma da Hausa ya tashi. Saboda haka ƙamus ba shaida ba ne. Ko dai a kawo wanda ya ji Bature ya ba da umarnin, ko kuwa yaron ya dafa Alƙur'ani ya rantse cewa ma'anar tawaye ba ta zo ransa ba.

Na fito da murna, ina ganin magana ta ƙare. Da na je wurin Bunu na gaya masa, sai ya sunkuyar da kai. Ya ce da ni, ni Baffansa, in gafarce shi, ba zai iya wannan rantsuwa ba. Ya ce umarnin Bature ne tabbas, bai ƙara ko ɗigo ba. Amma ranar da yake shafa fentin ya ga kalmar ta fuska biyu, har ya yi dariya, kuma da ya hango dattawa suna dakon ƙasa a ka a kan hanya gonakinsu na cika da ciyawa, sai ya ji a ransa cewa karatun Hausar ma bai yi ƙarya ba. Ya tambaye ni yadda zai rantse abu bai zo ransa ba alhali ya zo. Ba zan ce wa yaro ya yi rantsuwar ƙarya ba, kuma ba zan iya kallonsa a tafi da shi ba. Abin da ya ƙara dagula lamarin, samarin ƙauyukan sun fara aiko masa da fura da busasshen kifi, suna kiransa Mai Allo, 'yan doka kuwa suna ganin duk mai shiga da fita.

Hanya ɗaya ta rage. Direban motar aikin, Shu'ibu, dogon mutum mai tabon ƙuna a wuya, yana tsaye lokacin da Bature ya ba da umarnin. An ce an mai da shi Jos, ma'aikatar ruwa. Don Allah ka neme shi, ka roƙe shi, ka hau jirgin ƙasa da shi zuwa Malam Madori tun ruwa bai yanke hanyar Haɗeja ba. In ya yi shaida, ba za a nemi rantsuwa ba.

Ka gaishe da Yaya Huseina, mahaifiyar Bunu, ka san yadda za ka gaya mata a hankali. Ka gaishe da Yakaka da ƙannenta, da Baƙo in yana nan. Larai da 'Yar'azumi suna gaishe ku. In Shu'ibu bai samu ba, ka zo kai kaɗai. Ban san abin da Bunu zai ce ba ranar da za a miƙo masa Littafi, amma ko me zai ce, ina so ya ɗaga kai ya ga ubansa a zauren.

Wassalam. Ni ne ƙanenka,
Malam Zarami