Tsagar da Ido Ba Ya Gani

Yaya,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya jikin Baba? Ka gaishe min da Anti da yara.

Ni lafiya lau nake. Tarin da ka ji a waya na sanyin ɗakin gwaji ne kawai. Malamina ma ya daina dawo min da lissafina, sai jefi-jefi.

Ka tambayi abin da nake yi duk yini. Muna da inji mai lanƙwasa guntun ƙarfe, ya saki, ya sake lanƙwasawa. Nauyin ba shi da yawa, maimaicin ne ke ɓarna. Tsaga takan fara kamar silin gashi, tana ci a hankali, ƙarfen kuwa a ido lafiyarsa ƙalau, sai rana ɗaya ya karye. Aikina in koya wa kwamfuta ta hango ranar kafin ta zo.

Jiya ina kallon injin sai ka faɗo min a rai. Kullum kai ke ɗaga Baba daga gado, ka kai shi banɗaki, ka dawo da shi, sannan ka wuce shago. Don ka tsaya ne na samu na tafi. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka masu yi maka.

Amma a hoton da Anti ta turo na ga ka dafe ƙugu. Don Allah ka bar Auta ya riƙa karɓarka, mutum har da gemunsa! Kuma kada ka ce min lafiyarka ƙalau, Yaya. Ƙarfen nan ma haka yake nunawa.

Ƙanwarka