Na'urar Da Ta Ce Ni Ce Hasana

Haɗejiya, Jihar Jigawa.

Zuwa ga Yaya Umara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti Maryamu da yara, Ya tsare mana ku a can Fatakwal. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗan da ta saba, ka kuwa san faɗan Inna shi ne alamar lafiyarta. Kogi bana ya zo da hankali, bai shigo unguwa ba, maigidana Baban Zulfa ma ya samu shinkafa daidai gwargwado a fadamarsa. Na san za ka ce me ya hana ni buga waya. Maganar ce ba ta waya ba, in na fara da baki kuka ba zai bar ni in kai ƙarshe ba.

Ƙishin-ƙishin da ka ji cewa an dakatar da ni daga koyarwa gaskiya ne, amma an mayar da ni, saboda haka ka sassauta ranka kafin ka karanta sauran. Da damina aka kawo sabon tsarin tantance ma'aikata don a kama masu cin albashi da sunan bogi. Babu ɗaukar fayil, babu bin magatakarda: ka zauna gaban kwamfuta, ta ɗauki hotonka, ka tashi. Har yabon abin na yi. Ashe ni zai fara ci. Ina cikin aji hedimasta ya aiko kirana, ya kasa haɗa ido da ni, ya ce na'ura ta gano fuskata ita ce fuskar wata malama da aka rubuta ta rasu a Kirikasamma. Yaya, Hasanarmu ke nan. Wai zargin shi ne mutum ɗaya ce da suna biyu, ta daɗe tana cin aiki biyu, daga baya ta kashe suna ɗaya a takarda. Ni da na yi wa 'yar'uwata wanka da hannuna, ni ake cewa na ƙirƙire ta.

Zaman gidan bai dame ni kamar bakin mutane ba. Tsofaffin unguwa sun san mu tagwaye ne, amma garin ya cika da baƙi, kuma da an ce kwamfuta ce ta faɗa, sai kowa ya kama bakinsa kamar an jawo aya. Abin da ya ƙarasa ni, Amatullahi 'yar Hasana ce ta dawo daga makaranta ta ƙi cin abinci. Da na matsa mata, sai ta ce yara sun ce mata uwarta ta bogi ce, ba a taɓa yin ta ba. Yarinyar da na riƙe tun ranar da aka binne uwar tata. Ran nan na yi fushin da ban taɓa yi ba, na ce ko aikin zai tafi ya tafi, amma sai an rubuta cewa an yi Hasana a duniya.

Da aka buɗe wurin sauraron ƙorafi, Inna ta ce ƙafarta ƙafata. Na ce ta zauna saboda ciwon, ta ce ita ta ɗauki cikinmu, ba kwamfuta ba. Muka tarar da wata ma'aikaciya, Ruth sunanta, 'yar Filato ce amma Hausarta ta fi ta Mukhtar ɗinka. Inna ba ta bari ta gaishe mu ba, ta hau ba ta labarin haihuwarmu tun daga naƙuda, da yadda Hasana ta riga ni fitowa, da ragunan suna, har da unguwarzoma. Baiwar Allah ba ta katse ta ba. Da Inna ta gaji, sai Ruth ta yi mana bayani cewa ita na'urar ba aljani ba ce, fuskoki dubbai aka yi ta nuna mata har ta koyi bambanta su, kuma ta kama mutanen banza da yawa, sai dai ba a nuna mata tagwaye sosai ba. Ta ce aikin na'urar shi ne ta nuna inda take shakka, mutum ne ya kamata ya duba kafin a dakatar da kowa, a nan aka yi gaggawa. Ta ba mu haƙuri. Inna ta ce ta haƙura, amma da ganin fuskarta ka san ba ta gama ba.

Sai Ruth ta ce akwai hanya, don Hasana ta taɓa dangwala yatsa a wata tantancewa kafin rasuwarta, kuma zanen yatsan tagwaye ba ya zama ɗaya. Wallahi muryarmu ɗaya, tafiyarmu ɗaya, kai da kanka sau nawa ka ba ni saƙon da na Hasana ne? Na ce a raina in yatsan ma ya zo ɗaya fa? Na ɗora babban yatsa a kan ɗan gilashin, ya ƙi karantawa, alli da wanki sun cinye shi. Ruth ta ciro man shafawa daga jakarta ta ba ni na murza, na sake ɗorawa, ina ta salati a zuci. Can sai ta juyo da fuskar kwamfutar wajenmu. Ga hotona, ga na Hasana da mayafinta ruwan toka, tana wannan ɗaure fuskar da take yi in za a ɗauke ta hoto. A ƙasa an rubuta mutum biyu ne. Inna ta kai hannu ta shafa hoton Hasana a jikin gilashin.

Na koma aji, Yaya, kuma hedimasta ya tara malamai da ɗalibai ya wanke ni a gabansu, ya ambaci sunan Hasana ya sa aka yi mata addu'a. Amatullahi tana layin gaba. Nauyin da ya sauka daga ƙirjina Allah kaɗai Ya sani. Sai dai zan faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba. Da za mu fito, Ruth ta ce in kwantar da hankalina, an gyara wa na'urar karatunta, daga yau ba za ta sake ɗaukata Hasana ba har abada. Na yi mata godiya, na fito, na zauna a gindin bishiyar maina na yi kuka sosai. Tun da Hasana ta rasu babu wanda ya sake kuskuren kirana da sunanta, ko a kasuwa, ko a gidan biki. Na'urar nan ce ta ƙarshe da ta dube ni ta ga 'yar'uwata, ita ma yanzu ta daina.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka zo da Sallah ko ta zo ta same ka da sandarta. Baban Zulfa da Zulfa da Amatullahi suna gaisuwa. Ka gaishe mini da Anti Maryamu, da Mukhtar, da Khalid. In ka idar da salla, ka sa Hasana a addu'a.

Ƙanwarka,
Huseina