Tsatsa a Filogin Jirgina

Daren Talata, Haɗeja

Kwana shida ke nan injin jet na ƙaramin jirgina na sama, irin na wasa, yana mutuwa da zarar na tayar. Na'urar da ke sarrafa shi ta nace wai injin ba ya juyawa. Jiya na ce wa abokina Malam Bulus shi ya ƙona ta, ranar da ya liƙe mata waya da dalma. Ya ce, "Malam Sani, duba wayoyinka tukuna."

Ɗazu na zare filogin da ke shiga na'urar, sai ga tsatsa koriya shar. Na goge, injin ya tashi lafiya lau.

Ban taɓa gaya masa jirgin ya faɗa ruwan gonar shinkafa a Guri da damina ba. Gobe da wane ido zan kalle shi?