Ƙofar Falon da Aka Rufe wa Auta

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara maka sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu nan alhamdulillahi. Baban yara ya warke sarai, har ya koma mitarsa a kan kowa ya bar fitila a kunne. Jikarka ta fara tatata, babu abin da ya tsira a kan tebur.

Maganar Auta ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina a ɓace yake. Kai ka yanke mata tsohuwar sandarka ta golf tun tsawonta bai kai ƙugunka ba. Kai ka riƙa kai ta kulob ɗinku, ni ina faɗa cewa rana za ta ƙona min yarinya. Lokacin da take wasan sha'awa, ba a biyanta, kowa 'yarsa ce. Ta yi ta ɗaukar kofin mata duk shekara har sai da mutane suka daina tambayar wa ya ci. A falon mambobi ake ɗaga ta sama, kai kuwa bakinka har kunne, kana cewa jininka ne.

Da ta mayar da wasan sana'a, ka san wahalar da ta sha: yau wannan gari, gobe wancan, jaka a kafaɗa. Ta yi nasara daidai gwargwado, sai wuyan hannu ya ci amanarta. Ta dawo gida, kulob ya ɗauke ta aiki tana koyar da matan mambobi. Tun safe tana kan ciyawa tana gyara musu tsayuwa, wasunsu ko tsintsiya ba su iya riƙewa ba balle sanda.

Bana wata ɗalibarta, matar wani likitan haƙori, ta ci kofin mata. Baiwar Allah ta roƙi Auta ta zo walimar rana ta miƙa mata shi da hannunta. Na ci ado na bi ta. Muna isa ƙofar falo sai tsohon mai gadin nan, wanda ya sha goya ta tana ƙarama, ya tare mu yana sunkuyar da kai. Ya ce mu yi haƙuri, duk wanda ake biya don wasa ma'aikaci ne, kuma ma'aikaci ba ya shiga falon mambobi. Yaya, daga inda muke tsaye ina hango hotonta a bango, tana rungume da wannan kofin.

Na ɗaga murya na ce a nuna min marar kunyar da ya kafa wannan doka. Mai gadi ya ce ai kai ne, Yaya, zamanin da kake shugaban kulob. Ƙarshe dai fito da kofin aka yi ta ƙofar baya, Auta ta miƙa shi a gefen kicin, kusa da tulin kwanukan wanke-wanke. Ta yi murmushi aka ɗauki hoto, ni na kasa.

Tun ranar sandunanta suna bayan ƙyaure, ta ce ta gama da wasan. Kwamiti zai zauna kan dokar a ƙarshen wata, kuma an ce tsofaffin ba za su taɓa ta ba sai da yawun bakinka. Ka buga musu waya. Ban taɓa roƙonka komai ba, yau ma ba don kaina ba ne.

Ka gaishe min da matar yaya, da takwarata, da 'yan biyu. Baban yara yana gaishe ka. Auta ma na ce ta ba da saƙon gaisuwa, sai ta ce in tambayi kawunta abu ɗaya: ranar da yake koya mata riƙe sanda, ya san cewa idan ta iya, waje zai bar ta?

Ƙanwarka,
Maman Auta