Na Ba Gwaggona Ɗan'uwan Da Ba Nata Ba

Assalamu alaikum Malam Edita, tare da dukan masu karanta wannan shafi. Jaridarku takan iso mana nan Makka ne a cikin kayan alhazai, wani lokaci bayan ta yi watanni, amma muna karanta ta har ta yage. Ina roƙon a ɓoye sunana. Ina kuma roƙon duk wanda zai amsa mini ya karanta har ƙarshe kafin ya yanke mini hukunci, domin wanda nake yanke wa kaina kullum ya ishe ni.

Shekaruna hamsin. A Sudan aka haife ni, iyayena suna kan hanya, na girma a unguwar Misfala, na yi jami'a a Alƙahira, yanzu kuma tarihi nake koyarwa a wata makaranta. Na faɗi haka ne don ku san ba ni da uzurin jahilci.

Tun muna yara labari ɗaya ake ba mu. Kakanmu Malam Muhammadu yana cikin waɗanda suka ƙi zama ƙarƙashin Nasara, ya bi ayarin hijira, ya yi shahada a Burmi da tuta a hannunsa. Kakata ta wuce gabas da yara biyu: mahaifina, wanda lokacin ya fara wayo, da ƙanwarsa a goye. Wannan ƙanwa ita ce Gwaggo, kuma ita kaɗai ta rage daga cikinsu. Ta tsufa tana sayar da waina a titin Mansur, ta sha jin ana ce mata Takari a fuskarta, kuma wannan tuta ce abin da take miƙe wuya da shi. Da ƙasarmu ta samu 'yanci, alhazai suka fara zuwa ta jirgin sama suna ba da labarin waɗanda suka tsaya wa ƙasa, sai ta tasa ni gaba. Ta ce, “Ya waladi, wai karatun Masar ɗin nan me ya tsinana mana? Ka san sarakunan Rum da na Farisa, ba ka san sunan kakan ubanka ba.”

Gaskiyarta, ban sani ba, kuma ba wanda ya sani. Kakata mace ce mai alkunya irin ta da. Har ta koma ga Allah bakinta bai taɓa furta sunan mijinta ba, balle na surukinta. Wannan “Malam”, wancan “Tsoho”. Mahaifina ya san ubansa Muhammadu ne, to Muhammadu ɗan wa? Ƙauyen da ya ambata a ƙasar Kano ya watse tun zamanin hijirar, yau ba mai gane sunansa. Na tono takardun zaman mahaifina a Makka, na tarar magatakarda ya rubuta shi Muhammad, ubansa Muhammad, kakansa Muhammad, duk Takruni, wato Takari, kamar yadda ya rubuta rabin mutanen unguwarmu. Na yi shekaru ina bin masaukan alhazai ɗaki ɗaki, har a Arfa, inda ya kamata in shagala da roƙon Allah, ina leƙa tantuna ina tambayar tsofaffi. Kowa ka tambaya ubansa ne ya riƙe tutar. Da za a tara tutocin da aka ce mini an riƙe a Burmi, da sun yi wa Arfa rumfa. Mutanen da suka ba da rayukansu don ƙasa, a ce ba a sami mutum ɗaya da ya zauna ya jera sunayensu ba? Ni da nake tilasta wa ɗalibai su kawo madogara kafin su yi magana, me zan kai wa Gwaggo?

Ana haka wani mahajjaci ya kawo mini kwafin salsalar wani gidan malamai na ƙasar Kano. Nan take na hau karantawa. Ga Muhammadu ɗan Usmanu, ga tuta, ga Burmi, ga mata da ta wuce gabas da yara biyu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Sai layin ƙarshe ya ce yaran nan biyu duk mata ne. Mahaifina kuwa namiji ne, kuma shi ne babba. Ke nan ba kakana ba ne, wani bawan Allah ne mai suna irin nasa. A lokacin Gwaggo tana kwance, muna ganin kamar ba za ta tashi ba. Na ɗauki alƙalami na kwafe salsalar da kyakkyawan rubutu, na tsallake wancan layi, na ɗora sunan mahaifina da nata a ƙarƙashin sunan mutumin, na kai mata. Na ce wa kaina lallashi ne ga mai shirin tafiya, takarda ce da za ta ƙare a bango. Kunya nake ji ina rubuta wannan.

Gwaggo ta warke. Ba tare da ta shawarce ni ba ta aika saƙo ta hannun alhazai zuwa wancan gida. Bana sai ga wani dattijo a ƙofarmu, zan kira shi Alhaji, ɗan wancan Muhammadu ne ta ɗaya matar da ta tsaya gida, yana cikin uwarsa lokacin da uban ya fita, bai taɓa ganin fuskarsa ba. Ya sayar da gonarsa don ya zo, aikin Hajji da neman jininsa. Ina tsaye Gwaggo, wadda tun rasuwar mijinta ba namijin waje da ya ga fuskarta a cikin gida, ta fito ba mayafi, ta kama hannunsa tana kuka tana cewa ƙanena. Shi ma yana kuka yana ce mata Yaya.

Bayan sun natsu ya ja ni gefe, cikin ladabi, kamar mai neman afuwa. Ya ce, “Ɗana, abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai. Mu a gida an gaya mana yaran da suka tafi mata ne su biyu.” Allah Ya buɗe mini ƙofa a nan, ni kuwa na rufe ta da hannuna. Na ce masa masu kwafi suna yawan kuskure, na ga irin haka a manyan littattafai. Ya yi ajiyar zuciya ya ce, “To alhamdu lillahi. Kai ne mai ilimi, in ka ce haka ne, haka ne.”

An gama Hajji bai koma ba, Gwaggo ta hana. Yana zaune a gidana, yana shiga har ciki, kwano ɗaya suke ci da ita, suna gardama a kan ko wainar Kano ta fi ta Makka, tana ce masa yaro ne bai san komai ba. 'Ya'yana mata suna zirga-zirga a gabansa ba lulluɓi, tunda a saninsu ƙanen kakansu ne. Shi bai aikata laifi ba, su ma haka. Duk abin da ke cikin wannan na haram a wuyana yake, kuma na san abin da addini ya ce game da mai jingina kansa ga uban da ba nasa ba. Nakan ce wa kaina, to ko da gaske mai kwafin ne ya yi kuskure? Sai in tuna ba takardar kaɗai ta faɗa ba, mutanen gidansu ma haka suka sani. Nakan ce, tsofaffi biyu ne, wa aka cuta? Sai in tuna wataƙila a wani ƙauye na Sudan akwai tsofaffin mata biyu, 'yan'uwansa na haƙiƙa, kuma ni na sa ya daina neman su. Kakana kuma, wanda har yanzu ban san ko ɗan wa ba ne, na cire shi daga zuriyarsa na sa wani a gurbinsa.

Yanzu magana ta wuce bango. Alhaji zai kai Gwaggo gida, ta ga ƙasar da aka fito da ita a goye, ta gaisa da dangi. Ba za a bar ta ta yi tafiyar ba sai da muharrami, shi ne kuma zai tsaya a matsayin ɗan'uwanta uba ɗaya. Hukuma tana son mai shaida ya rantse a kan haka, kuma duk gidan sun ce ba wanda ya cancanta sai ni. Gwaggo har ta ɗinka tufafin tafiya, ta sayi dabino da turare na tsaraba. In na rantse, na yi shaidar zur a garin Makka. In na ƙi, dole in dubi tsohuwar da ta yi sama da shekara sittin tana jiran ɗan'uwa, da dattijon da ya rabu da gonarsa, in gaya musu ba su haɗa komai ba, kuma tun ranar farko na sani. Ban tabbata zuciyarta za ta ɗauka ba.

An ce in je ranar Asabar. Jama'a, na san amsarku ba za ta iso ni kafin nan ba, sai dai in yi ta ƙirƙiro uzuri ina ɗagawa, kowane uzuri kuma wata sabuwar ƙarya ce. Don Allah ku faɗa mini, da wa zan fara, da ita ko da shi, kuma da wane baki? Me zan yi?