Katin Bikin Hadiza Yana Aljihun Sajanka

Zuwa ga Babban Jami'in 'Yan Sandan Yankinmu,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki. Ni mai ɗaukar bidiyon biki ne a Gwallaga. Sau biyar ina zuwa ofishinka ana ce mini ka fita, shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya. Wata Asabar bayan la'asar, ina bayan babur ina ɗaukar motocin kai amarya zuwa unguwar Ɗan Iya, yaranka suka tare mu. A sana'armu ba a kashe kyamara tun daga fitowar amarya har ta sa ƙafa a ɗakinta. Don haka tana kunne lokacin da wani sajan ya sharara wa direban amarya mari har hularsa ta faɗa kwata. Ban je neman sajan ba, shi ya shigo cikin hotona.

Na biyu. Ya zare katin kyamarar ya jefa a aljihu. A ofis aka durƙusar da ni, wani kurtu ya ɗauke ni da wayarsa ina ba da haƙuri. Bidiyon ya bazu, yau har a kasuwar Muda Lawal nuna ni ake yi. Na tambayi dokar da ta halatta musu ɗaukata ta haramta mini ɗaukarsu, amsar da na samu tsawa ce.

Na uku shi ya fi ci mini rai. Rigimar hanya ba ta wuce minti huɗu ba. Da safen ranar, Malam Isa, mahaifin amarya Hadiza, ya sa aka ɗago shi daga shimfiɗar jinya, ya dafa kanta, ya yi mata nasiha da addu'a. Kuka bai bar ta ta ji ko rabi ba. Ni da bakina na ce ta kwantar da hankalinta, duk yana cikin kati. Kwana tara bayan nan ya rasu. Kullum sai ta kira ni, ni kuwa kunya ta sa na daina ɗauka.

Na ji ana shirin goge katin gaba ɗaya. Ranka ya daɗe, ina roƙonka ka karɓe shi da hannunka, ka zauna ka kalli mintin nan huɗu. Abin da za ka yi da sajanka, tsakaninka da Allah ne. Sauran kuwa ba nawa ba ne, ba kuma naku ba. Muryar mamaci ce, kuma babu ta a ko'ina sai a aljihun wanda ya fi kowa son katin ya ɓace.

Allah ya yi maka jagora, ya jiƙan iyayenka, ya sa 'ya'yanka su ji addu'arka da kunnensu.

Wassalam.

Sani Mai Bidiyo,
Gwallaga, Bauchi.